YAWON BUƊE IDO A HAMADA: ABIN DA YA KAMATA MATAFIYI YA SANI

Duk shekara idan hunturu ya kama, mu da muke kwana a makaranta mun san irin wahalar da muke sha. Sai ka share ɗakin kwana da asuba, kafin a dawo daga aji ƙura ta sake rufe akwatuna da gadaje. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, mai duba tsabta kuwa ba ya sauraron uzuri. Malaminmu na labarin ƙasa ya gaya mana cewa iska ce take kwaso wannan ƙura daga hamadar Sahara, musamman daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin ƙasar Chadi, inda a zamanin da can ruwan tafkin Chadi yake kaiwa. Watau dai hamada tana kawo mana ziyara har gado kowace shekara, mu kuwa kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa rama mata ziyarar.

Ni Allah ya nufe ni da zuwa bakinta a hutun Disamba na 2022, sa'ad da kawuna, wanda yake kai turkuɗi da rawuna kasuwar Agadas, ya ce in raka shi in riƙa rubuta masa lissafi. Abin da na gani da idona, da wanda na ji daga bakin mutanen wurin, da wanda na karanta bayan na dawo, su ne na tattara a nan domin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu. Dalilina biyu ne. Na farko, ƙasar tana da abubuwan mamaki waɗanda Turawa suka riƙa biyan kuɗi masu yawa domin su gani, alhali mu da muke maƙwabtaka da ita ba mu san su ba. Na biyu, ina jin yadda waɗansu daga cikinmu suke hirar ratsa hamada zuwa Libiya bayan an gama jarrabawa, kamar mai zancen zuwa Zariya daga Kano. Ina so mai irin wannan tunani ya karanta har ƙarshe.

MECE CE HAMADA?

Hamada ita ce ƙasar da ruwan sama ya yi wa ƙaranci ƙwarai, har shuka ba ta yiwuwa sai inda akwai rijiya ko idon ruwa. Sahara ita ce mafi girma daga cikin hamadu masu zafi na duniya, faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 9. Mutane da yawa suna zaton rairayi ne zalla tun daga farkonta har ƙarshenta, amma rairayin bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran duwatsu ne, da tsakuwa, da fako mai tauri wanda mota za ta yi gudu a kansa kamar a kan kwalta.

Yankin da ya fi kusa da mu, wanda kuma ya fi suna wajen masu yawon buɗe ido, shi ne arewacin Jamhuriyar Nijar. A nan akwai duwatsun Abzin, waɗanda ake rubuta sunansu Air a taswira, gabas da su kuma akwai tekun rairayin da ake kira Tenere. A harshen Abzinawa ma'anar wannan kalma ita ce wurin da babu kowa, babu komai. Domin a gane ƙarancin ruwan wurin, a kwatanta Kano da Balma. A Kano ruwan da ake samu a shekara yakan wuce milimita 700. A Balma, wadda take can gabashin Tenere, matsakaicin abin da ake samu bai kai milimita 20 ba, wata shekarar ma ko ɗigo ba ya sauka.

Wani abin da yake ruɗa baƙo shi ne sanyi. Da rana a watan Afrilu ko Mayu zafi yakan haura digiri 40, amma a daren Disamba da Janairu sanyi yakan kai ga ruwa ya nemi daskarewa. Dalili kuwa shi ne babu girgije kuma babu laima a cikin iska. Girgije kamar bargo yake, yana tsare zafin da ƙasa ta sha da rana. Inda babu shi, da rana ta faɗi sai zafin ya tsere sama, ƙasa ta huce nan da nan.

HANYAR ZUWA AGADAS

Agadas ita ce ƙofar wannan yanki. Daga Kano mun bi ta Daura, muka tsallaka iyaka a Kwangwalam, muka bi Matamaye zuwa Damagaram, muka kwana. Kashegari muka miƙi hanyar Tanut, babban garin Damargu, sa'an nan Agadas. Tafiyar duka ta kusa kilomita 700. Mutanen Sakkwato kuwa hanyarsu ita ce ta Illela, Birnin Ƙonni, Tawa da Abalak.

Wannan tafiya ita kanta darasi ce, domin mutum yana ganin yadda ƙasa take sauya kama sannu a hankali. Kuka da tsamiya su ne suke fara ɓacewa. Sa'an nan gonakin gero su riƙa raguwa, har bayan Tanut ka daina ganin rumbu. Daga nan sai ƙaya da tumfafiya da garken raƙuma, sai kuma rijiyoyi masu zurfi inda jaki ko raƙumi yake jan guga ya yi nisa kafin ta fito. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne duk inda muka tsaya da Hausa ake ciniki. A cikin Agadas ma Hausa ce take haɗa Ba'abzine da Batube da Bafillace da Balarabe.

Kuɗin ƙasar sefa ne, saboda haka sai an yi canji. Batun takardu kuwa, kada mutum ya dogara da labarin wanda ya je shekarun baya. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023 an rufe iyaka na wani lokaci, kuma a Janairun 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS. Wajibi ne a tambayi jami'an shige da fice abin da ake bukata kafin a ɗaura kaya, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

BIRNIN AGADAS

Tun daga nesa abin da ake fara hangowa shi ne hasumiyar babban masallaci. Da tubalin ƙasa aka gina ta, tsawonta mita 27, gindinta da faɗi, tana tsukewa zuwa sama, ga itatuwa sun fito ta kowane gefe domin magina su taka idan za a yi yaɓe. An fara gina masallacin wajen 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844. A da ayarin da ya fito daga hamada da ita yake gane cewa ya iso, masu tsaron gari kuma a kanta suke hango maƙiya. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Kusa da masallacin akwai fadar Sarkin Abzin, wanda sarautar gidansu ta samo asali tun ƙarni na 15. A cikin lungunan tsohon gari ana nuna wa baƙi gidan da Bajamushen nan Barth ya sauka a 1850, kafin ya wuce zuwa Katsina da Kano. Shi ne wanda mutanen ƙasarmu suka sani da suna Abdulkarim.

A kasuwa kuwa akwai maƙera masu ƙera azurfa, waɗanda suke yin abin wuyan nan mai kusurwa huɗu da ya yi suna a duniya da sunan garin. Akwai dukawa masu yin jaka da takalma da sirdin raƙumi. Akwai cuku, watau busasshen madara da ake ci da shayi, da dabino, da albasar lambunan Abzin. A nan ne na gane darajar kayan kawuna. Rawanin nan mai sheƙi wanda Ba'abzine yake naɗawa ya ja amawali ya rufe baki, har shunin ya riƙa kama masa fata, a ƙasar Kano ake rina shi a buga shi, garin Kura ne kuma ya fi suna a kansa. Ashe dangantakarmu da mutanen nan ta daɗe. Gobirawa ma a tarihinsu suna cewa a Abzin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu.

DUWATSUN ABZIN

Arewa da Agadas duwatsu ne baƙaƙe jere da juna. A cikinsu ne dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar yake, a tudun Bagzan, tsawonsa ya ɗan haura mita 2,000. A tsakanin duwatsun akwai ƙoramu waɗanda ruwa yake kwance a ƙarƙashin yashinsu, shi ya sa ake samun garuruwa irin su Timiya da Iferwan masu lambuna. A Timiya ana noman lemo da rumman da alkama da dabino, a tsakiyar ƙasar da ko ciyawa ba ka gani.

A hanyar da ta tashi daga Agadas zuwa Arlit akwai wani wuri da ake kira Dabus. A can, a jikin wani falalen dutse, mutanen da suka sassaƙa siffar raƙuman dawa biyu, babbar ta wuce mita 5, har zanen jikinta an fitar da shi ɗaya bayan ɗaya. Masana sun ce aikin ya kai shekara 6,000 ko fiye. Tambayar da kowane baƙo yake yi ita ce, ina mai sassaƙar ya ga raƙumin dawa a wannan ƙeƙasasshiyar ƙasa? Amsa ita ce a lokacinsa ƙasar ba haka take ba. Tsakanin shekara 10,000 da 5,000 da suka wuce damina tana kaiwa can, akwai tafkuna da ciyawa da namun daji. A 2000 wani masanin Amurka mai suna Paul Sereno da abokan aikinsa suka gano wata tsohuwar maƙabarta a Gobero, cikin Tenere, mai kaburbura kusan 200. Tare da ƙasusuwan mutane an sami na kada da dorina da giwan ruwa, da kayan kamun kifi da aka yi da ƙashi. Watau inda yau ake mutuwa da ƙishirwa, a da masunta ne suke zaune.

Tun kafin su kuma, miliyoyin shekaru da suka wuce, manyan dabbobin nan da ake kira dainoso sun rayu a wurin. A Gadufawa an haƙo ƙasusuwansu da yawa, har da na wani kada wanda tsawonsa ya kai mita 9 ko fiye. A 1991 UNESCO ta sa gandun Abzin da Tenere cikin jerinta.

TENERE DA AYARIN GISHIRI

Idan aka bar duwatsu aka fuskanci gabas, sai rairayi. Iskar arewa maso gabas ce take tara shi tudu-tudu. Gefen da iska take bugawa yakan kwanta a hankali, ya yi ɗan tauri, ɗaya gefen kuwa ya miƙe tsaye, ya yi laushi kamar gari. Waɗansu tuddan, irin na Temet da Arakawo, sun ninka hasumiyar Agadas tsawo sau da yawa. Kuma ba a wuri ɗaya suke tsayawa ba, iska tana tura ƙananan gaba kaɗan-kaɗan. Shi ya sa sawun motar da ta wuce jiya ba abin dogara ba ne yau.

Duk da haka, ɗaruruwan shekaru ke nan Abzinawa suna ratsa wannan rairayi da raƙuma domin ɗauko gishiri. Ayarin yakan tashi bayan damina, wajen Oktoba, ya bi ta Fashi zuwa Balma, tafiyar da ta kusa kilomita 600 daga Agadas. Da yake babu abin da raƙumi zai ci a hanya, kowane raƙumi yana ɗauke da damin ciyawa, ana ajiye wani a hanya domin dawowa. Tun da asuba ake tafiya har tsakar dare ba zango, domin kowane yini da aka ƙara ruwan salka ne yake raguwa. Madugu shi ne uban tafiya, da rana yana lura da inuwa da yadda iska ta tsara rairayi, da dare kuma da taurari. Taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta su a wurinsu 'yan matan dare ne. A farkon ƙarni na 20 ayari ɗaya yakan kai raƙuma 10,000. Yanzu motoci sun karɓe yawancin aikin, ayarin ya ƙanƙance.

A Balma da Fashi Barebari ne suke aikin gishirin. Sukan haƙa ramuka, ruwan gishiri ya tsattsafo ya cika su, rana ta ƙone ruwan, gishiri ya kwanta. Mai kyau, wanda ake kira beza, shi ne na miya. Sauran a cuɗa shi a zuba a mazubi ya fito kantu, wanda ake ba dabbobi su lasa. Abzinawa su ba da gero su karɓi gishiri da dabino, sa'an nan su gangaro Damargu da Damagaram har Kano su sayar, su sayi geron baɗi. Duk wanda ya taɓa ganin kantun gishiri a kasuwar ƙauyensu, to, ya ga abin da ya ratso Tenere.

A kan wannan hanya ce aka yi wata bishiya ita kaɗai tilo, wadda babu wata kusa da ita sai an yi tafiyar da ta wuce kilomita 100. Har a taswira ake sa ta. Ayari bayan ayari sun wuce ta, babu wanda ya karya reshenta ya dafa shayi, babu wanda ya bar raƙuminsa ya ci ganyenta. Da aka haƙa rijiya kusa da ita sai aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, a filin da babu abin karo sai ita. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinta kuma an kafa ta ƙarfe.

SHIRIN TAFIYA

Mai son ganin hamada ya zaɓi lokaci tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Ya nemi jagora ɗan ƙasa wanda aka sani, ya sanar da hukuma inda za shi da ranar da zai dawo, ya bi duk sharaɗin da ta gindaya, ko da na tafiya da rakiyar soja ne. Ba a shiga rairayi mai nisa da mota ɗaya, sai biyu ko fiye, waɗanda ƙafafunsu huɗu duka suke ja. A ɗauki mai fiye da lissafi, da tayar sauyi biyu, da shebur, da faifan ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya idan ta nutse, da wayar tauraron ɗan'adam, domin wayar hannu ba ta aiki da zarar an bar gari.

Ruwa shi ne kan gaba. A ware wa kowane mutum aƙalla lita 5 na sha a yini, a ƙara na kwana biyu ko uku saboda tsautsayi, a raba shi cikin jarkoki da yawa don kada ɗaya ta fashe a rasa duka. Tufafi su zama masu yalwa, masu rufe jiki. Rawani ba ado kaɗai ba ne a can, yana tare rana da ƙura, yana kuma rage bushewar baki. Kada a manta da bargo mai kauri. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa, saboda kunama.

Akwai kuma kawalwalniya. Da tsakar rana sai ka hango ruwa shimfiɗe a gabanka yana ƙyalli, kana matsawa yana matsawa. Iskar da take dab da ƙasa ce ta yi zafi ƙwarai, ta karkatar da haske, sai hoton sararin sama ya bayyana a ƙasa kamar tafki. Mai ƙishirwa ya bi ta, ya bar hanya. Saboda haka doka ita ce, idan mota ta lalace kada kowa ya rabu da ita. Tana ba da inuwa, kuma masu nema sun fi saurin hango mota a kan mutum.

Baƙo kuma ya san ladabin wuri. Kada ya ɗauki hoton mutane sai da izininsu. Kada ya ɓata ruwan rijiya, kada ya yi rubutu a kan zanen dutse, kada ya tsinci kan kibiya ko ƙashin da ya gani ya sa a aljihu. In an ba shi shayi ya zauna ya sha har kofi na uku, tashi kafin nan rashin kirki ne.

ABIN DA YA SAME MU

Wannan batu na ruwa ba a littafi na koye shi ba. Da muka gama ciniki, na dami kawuna sai mun ga rairayi. Mai masaukinmu ya haɗa mu da wani dattijo Ba'abzine da direban a-kori-kura, aka ce za mu je tuddan da suke wajen Tigidit, kudu da gari, mu dawo kafin la'asar. Da yake kusa ne, jarka ɗaya muka ɗauka.

Na hau tudu ina zamewa, na gangaro a guje, rairayi ya cika mini kunne da aljihu. Da na sauko sai na karkata jarka na wanke fuska da ƙafafu sosai, kamar ina bakin famfon makaranta. Dattijon yana kallona bai ce uffan ba. Muka tashi komawa, ba mu yi nisa ba motar ta nutse har ciki. Direba ya ƙara wuta, ta ƙara nutsewa. Aka duba jarka, ba ta kai rabi ba, mu kuwa mu huɗu ne.

Kawuna ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ka ga ruwan da za mu sha gobe ka ba ƙasa."

Na ce, "Kawu, ai yau za mu koma."

Sai dattijon ya ce, "Ɗana, duk wanda hamada ta ci, yau ya ce zai koma."

Ya hana kowa aiki sai da rana ta karya. Muka fake a inuwar mota, muka yi taimama muka yi salla. Sa'an nan aka rage iskar tayoyi domin su baje, muka tone rairayi da shebur da hannu, muka shimfiɗa faifan ƙarfe. Sau uku muna turawa kafin ta fita. Mun shiga gari bayan isha'i, harshena kamar tsumma, sanyi kuma yana kaɗa ni. Tafiyar rabin yini ke nan, kusa da gari, tare da wanda ya san hanya.

DALILIN DA BAƘI SUKA ƊAUKE ƘAFA

A shekarun 1980 Agadas cike take da Turawa. Tseren motocin nan na Faris zuwa Dakar yana bi ta garin, jiragen sama suna sauke baƙi, jagorori da direbobi da maƙera da masu masauki duk suna samu. Wanda ya fi suna cikin jagororin shi ne Mano Dayak, wanda daga baya ya shiga cikin shugabannin tawayen Abzinawa. Ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disambar 1995, filin jirgin Agadas kuma sunansa aka sa masa.

Tawayen 1990 zuwa 1995 ya tsayar da zuwan baƙi. Da aka yi sulhu suka fara dawowa, sai wani tawayen ya sake ɓarkewa daga 2007 zuwa 2009. A 2010 'yan bindiga suka sace ma'aikatan kamfanin haƙar yuraniyam a Arlit, a 2025 kuma aka sace waɗansu Turawa mata biyu a cikin Agadas kanta. Mai yawon buɗe ido kuwa ba ya zuwa inda yake tsoron ransa. Mutanen da suka dogara da wannan sana'a suka shiga wani hali. Na ga maƙeri ya baje azurfa tun safe har yamma babu mai tayawa. Waɗansu direbobin da a da suke kai baƙi kallon rairayi suka koma ɗaukar masu neman tsallakawa Libiya da Aljeriya.

NASIHA GA 'YAN'UWANA

A nan ne nake so abokaina masu hirar Libiya su saurara. Mai yawon buɗe ido yana shiga hamada da motoci biyu, da ruwan da ya ishe shi, da jagora, da sanin hukuma, kuma akwai wanda zai fita nemansa in bai dawo ba. Wanda ya bi 'yan fasa-ƙwaurin mutane kuwa, cusa shi ake yi a bayan mota da mutum ashirin ko talatin, yana rungume da jarka ɗaya, a kan hanyar da aka zaɓa domin kada kowa ya gan su. In motar ta lalace babu wanda ya san inda suke.

A Oktoban 2013 waɗansu motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Aljeriya, suka lalace a hanya. Da aka bi sawu, gawa 92 aka tsinta, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ce ta kashe su. Akasarinsu daga yankin Kance suke, kudu da Damagaram, dab da hanyar da muka bi. Hausawa ne irinmu, masu irin sunayenmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ina roƙon iyayenmu su riƙa sauraron irin hirar da 'ya'yansu suke yi a lokacin hutu. Ina kuma roƙon hukumar makaranta, in hali ya yi, ta shirya wa ƙungiyar labarin ƙasa ziyara ko da zuwa tuddan rairayin da suke cikin ƙasarmu, irin na Tulo-Tulowa a Jihar Yobe, domin gani ya kori ji. Ni dai burina shi ne in gama karatu, in Allah ya kawo zaman lafiya in koma in ga raƙuman dawan Dabus da ramukan gishirin Balma da idona, da shiri irin wanda ya kamata, in dawo gida in ba da labari. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya kai kowane matafiyi gida, amin.